Kujera Biyu, Suna Ɗaya

Ni na kawo tsarin da bakina, shi ya sa abin ya fi ci mini rai. A taron wata safiya na ce manhajarmu ta cika kurakurai ne don kowa na ƙunshe a lungunsa yana rubuta kod, wato umarnin da ke tafiyar da manhajar, shi kaɗai. Mu zauna bibbiyu a kwamfuta ɗaya, wani ya buga, wani ya duba ya faɗi hanya. Oga ya yi na'am.

Aka haɗa ni da Dogo, mijin ƙanwata, wanda ni na kai takardunsa kamfanin. Yatsunsa sun fi nawa gudu, teburinsa kuma yana jikin taga, sai na jawo kujerata can. Wata bakwai ina gefensa ina cewa, "Goge layin nan, zai rikita shafin rajista." Shi kuwa yana dariya: "Yaya, kai ne kai, ni hannu ne kawai." Ƙorafin masu amfani da manhajar ya ragu sosai. Ko sau ɗaya ban kawo a raina ba cewa duk aikin da aka tura daga kwamfutarsa, da sunansa yake shiga.

Da aka zo rage ma'aikata, Oga ya tara mu ya haska jadawali a bango, suna da yawan aikin da kowa ya tura. Dogo ne a sama, ɗari huɗu da wani abu. Ni ne a ƙasa, guda shida.

Har na yi murmushi, wai ni ina da mai shaida.

"Oga, tare muke yi. Dogo, gaya masa."

Dogo ya tsura wa igiyar cajarsa ido, yana naɗewa yana warwarewa.

"E to... yana ba da shawara wani lokacin."

Wani lokacin! Wallahi da mari ya kwaɗa mini da ya fi mini sauƙi. Na san tsoro ne, mutum ɗaya za a bari cikinmu, kuma ƙanwata na da tsohon ciki. Sanin bai rage mini zafin komai ba. Aka ba ni sati biyu in miƙa aiki, na mayar da kujerata lungunta.

Ranar ƙarshe ina zuba tarkacena a kwali sai ga Dogo tsaye a kaina riƙe da kwamfutarsa a buɗe, yana sosa ƙeya.

"Yaya, shafin rajistar nan ya sake tsayawa. Tun safe nake fama. Ko za ka ɗan leƙa?"

Na leƙa daga inda nake. Ga kuskuren ƙuru-ƙuru a layi na tara, minti ɗaya ya ishe ni.

"Sunan wa ke kan aikin?" na tambaye shi.

Ya sunkuyar da kai kan kwamfutar.

"To mai sunan ya gyara."

Na ɗauki kwalina. A bakin ƙofa wayata ta yi ƙara, ƙanwata ce, tana tambaya ko zan biyo da Dogo mu ci abinci tare kamar kullum.