Tseren Sagiru da Ramalan

Ranar da babur ya kife da su a hanyar Kibiya, Ramalan ne yake tuƙi, Sagiru yana baya riƙe da buhun taki. Gudu Ramalan yake shararawa har ya kwashi Inna Fanta, matar Malam Bello makiyayi, da ƙwaryar nono a kanta. Nan take ta cika. Ƙafar Ramalan ta hagu ta shanye. Sagiru kuwa a asibiti ya farfaɗo ya tarar an yanke masa ta dama, sannan ya ji labarin da ya riga shi isa gida: wai shi ne ya karɓi tuƙin alhali bai iya ba.

Ramalan ne ya shirya wannan ƙaryar. Sagiru ya rantse har ya gaji, ba wanda ya saurare shi. A garinsu Saji idan ya wuce da sandunansa sai a yi ta nuna shi da baki. Malam Bello ma ya daina amsa sallamarsa.

Bayan wasu shekaru Sagiru ya ji sunan Ramalan a rediyo. Wai ya zama gwanin tseren kwalekwale na nakasassu a dam ɗin Tiga, kuma shi ake sa ran zai wakilci yankin a gasar ƙasa. Washegari Sagiru ya hau mota ya je ya sami kocin, Malam Tajuddeen.

"Ka taɓa shiga ruwa?" in ji kocin.

"Ko rafi ban taɓa tsallakawa ba, Malam."

"To me ya kawo ka?"

"Akwai wanda nake so in wuce."

Kwalekwalen siriri ne, ko atishawa ka yi sai ya juye. Sagiru ya sha ruwan Tiga har ya ƙoshi. Tafin hannunsa ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. Duk sanda filafilin tuƙin ya yi masa nauyi sai ya tuna yadda Malam Bello yake kawar da kai, ya ƙara cusa shi cikin ruwa. Suna haɗuwa da Ramalan a bakin gaɓa, amma ko kallo bai taɓa haɗa su ba.

Ana saura kaɗan a yi tseren fidda gwani, Sagiru ya bi burtali har rugar Malam Bello a Kahu.

"Baba, ba gaisuwarka nake nema ba. Ka zo Tiga ranar Asabar, ka tsaya inda za ka ji."

Ranar Asabar sai ga tsohon a Tiga.

Da aka busa usur Ramalan ya fita kamar kibiya. Sagiru ya bi shi, ƙirjinsa kamar zai tsage, har hancin kwalekwalensu ya daidaita. Ramalan ya juyo ya ga wanda ke gefensa, filafilinsa ya kuskure ruwa, kwalekwalen ya karkata ya kife. Sagiru ya ji faɗuwar, ya ji ihun jama'a. Bai waiwaya ba har ya ƙetare layi, shi ne na farko. Jirgin ceto ne ya tsamo Ramalan yana tari.

Wata 'yar jarida ta miƙa wa Sagiru makirufo ta ce ya faɗi yadda yake ji. Ya karɓa, ya dubi inda Ramalan ke zaune jiƙe sharkaf.

"Ramalan, ga jama'a, ga mijin Inna Fanta. Don Allah da ya fito da kai daga ruwan nan, wa yake tuƙin babur ranar?"

Ramalan ya sunkuyar da kai.

"Ni ne," ya ce can ƙasa-ƙasa.

"Ba su ji ba."

"Na ce ni ne! Ka yafe mini, Sagiru."

"Ba yau ba."

Malam Tajuddeen ya matso yana cewa a yi haƙuri, a sasanta. Sagiru ya mayar wa 'yar jaridar makirufonta, ya ɗauki sandunansa, ya tambayi kocin ranar da za a tafi gasar ƙasa.