Kwanan Wata Babu Shekara

Ummukulthum ba ta da saurin fushi, duk layinsu a Samaru an san haka, amma ranar da Bappanta ya turo mata hoton gonarsa ta Zabi sai da ta ture kofin shayi ba ta sani ba. Kwana goma sha biyu da shuka masara, ruwa ya sauka yadda ake so, amma kunyoyin fayau, tsiro ɗaya nan ɗaya can kamar haƙoran tsohuwa.

Abin da ya fi ci mata rai, ita ce ta sa shi. Ita ta ce ya bar irin da ya saba ajiyewa a rumbu ya sayi na Christabel, ƙawarta tun ɗakin kwanan ɗalibai, wadda yanzu take ƙulla irin shuka a leda a wani shago a Chikaji. Ita kuma ta rubuta manhajar da ke buga takardar jikin kowace leda, da ranar da aka gwada irin da yawan da ya tsiro cikin ɗari. "Bappa, abin da ka gani a takardar nan, ka ɗauka ni na faɗa maka," haka ta ce masa da bakinta. Dattijon ba shi da wata gonar, daga ita gidansa ke ci har shekara ta zagayo.

Ta ce ya ɗauko mata hoton ledar. An gwada: 14/03. Tsiro: 92%. Ta karanta sau uku kafin ta ga abin da babu. Ina shekarar?

A Keke ta ƙarasa Chikaji. Christabel ta tashi da murna, "Ummuna! Yau wace rana?" Ummukulthum ta amsa sama-sama ta wuce wajen kwamfutar da ke kusa da firinta, ta buɗe manhajar. Ba ta sha wahalar nema ba, ai aikin hannunta ne. Layin da ke gaya wa kwamfuta yadda za ta nuna kwanan wata, ita ta rubuta shi %d/%m/%Y, wato rana, wata, shekara. Yanzu ya tsaya a %d/%m. An gutsure wutsiyar tsaf. Ta leƙa cikin bayanan da aka adana, ga cikakkiyar ranar nan zaune lafiya lau: watan Maris na shekara biyu da suka wuce. Innalillahi! Irin da ya yi damina biyu a sito mai zafi, shi aka sayar wa mutane da sakamakon gwajin ƙuruciyarsa.

"Wa ya taɓa layin nan?"

Christabel ta kalli ƙofa, ta rage murya. "Takardar ce ta yi ƙanƙanta, rubutun yana fita waje."

"Christabel, ni na auna takardar."

Sai ƙawar ta gyara tsayuwa, kunyar ma ta ajiye ta gefe. "To, ni ce. Buhu arba'in suka rage mini, in zubar a bola? Kuma ki nuna mini ƙarya ɗaya a takardar nan. An gwada ran sha huɗu ga Maris ko ba a gwada ba? Ya ba da casa'in da biyu ko bai ba da ba? Ban taɓa lamba ko ɗaya ba. Ke da kanki kika koya mini, kika ce wannan layin ba ya canza komai sai yadda abu ke fitowa."

Wallahi ta koya mata. Ta zaunar da ita a kan wannan bencin ta nuna mata harafi bayan harafi, don kada ta riƙa kiranta duk sanda take son gyara takarda. Abin ya yi wa Ummukulthum ciwo ƙwarai. Da a ce baƙo ne ya cuce ta, da ta yi masifa ta huce.

"Kin san Bappana ya saya?"

"Na sani. Ni na miƙa masa." Christabel ta kau da kai. "Na ɗauka zai tsiro, Ummu."

Ummukulthum ta mayar da shekarar wurinta, ta adana, ta fita ba sallama. Zabi ta nufa kai tsaye, tana lissafin kwanaki a ranta: in aka samo sabon iri gobe aka sake shuka, damina za ta iya kai shi, da ƙyar dai.

Ta tarar da Bappa a bakin gona yana kankare laka daga fartanya. Ya washe baki da ganinta.

"'Yata, kada ki damu kanki, na gano matsalar. Ƙasar ce, na shuka da zurfi. Maƙwabta suna ta cewa irin ne, na ce musu ahir ɗinku, 'yata ce ta rubuta takardar." Ya nuna kunyoyin da hannu, an tone su sabo tun daga bakin hanya har gindin ɗorawa. "Irina na rumbu ma na sayar da shi shekaranjiya na ƙaro leda huɗu a wajen ƙawarki. Yanzun nan na gama sake shukawa."