Rufin Ɗakin Na'Allah

Da hantsi motar gwamnati ta sauke su a bakin sabon ginin, can bayan gari, kamar an zazzage buhun albasa. Kowa ya diro da tsummansa. Na'Allah kaɗai ya sauko a hankali, ƙafar dama tukuna, yana tattare hannun babbar rigarsa ta shadda kada ta shafi taya. Ya gyara zaman hula, ya dubi rumfunan da aka kafa da jan ƙyallen da aka ɗaure a bakin ƙofa, ya yi gyaran murya irin ta masu gida.

"Dije, sauko ki ga gidanmu."

Dijatu, matarsa, ta sauko dafe da ƙirji. Tarin nan bai sake ta ba tun ranar da ruwa ya ci gidansu.

Duk wanda ya tashi a Ƙofar Kware ya san Na'Allah, mahauci ɗan mahauci. Wanda bai san shi ba kuwa ya zauna kusa da shi kaɗan, zai sha labari. Shi ne ya hau ƙahon bajimin da ya watsa kwata, masu kalangu suka raka shi har gida. Shi ne wanda farin da ya ƙarar da shanu ya bari a tsaye. Amai da gudawa ya shiga unguwa, ya ɗauki na dama ya ɗauki na hagu, ya zo kansa ya tsallake. Ko ranar da ruwan Agusta ya kwantar da gidan ƙasar da ya gada, da ƙafarsa ya fito, Dijatu a baya, ƙunshin rigar nan a ka.

Tun ranar suke kwana a ajin wata firamare tare da sauran waɗanda ruwa ya kora. Abokinsa Uba, wanda suka yi fawa tare tun suna samari, kullum sai ya leƙo ta taga ya ce, "Na'Allah an shiga aji ɗaya da hurhura! Mi anka koya muku yau?" To, ga hutu ya zo ƙarshe, hedimasta ya ce yara za su dawo, kowa ya nemi inda zai sa haƙarƙarinsa. 'Yarsu Ashatu da ke aure a Sabon Gari ta yi roƙo har da kuka su koma wurinta. Na'Allah ya ce ko Sakkwato za ta nutse ba ya kwana gidan suruki. Ya ce Dijatu ta tafi ita kaɗai, ita kuma ta ce, "Inda kak kwana, nan nika kwana." Saboda haka ɗaki yake nema, ɗaya tak, mai rufi, inda damina ba za ta ƙarasa masa tsohuwa ba. Rediyo kuwa ya ce ga gidaje nan an gina wa marasa muhalli, yau za a raba.

*

Wani matashin jami'i mai kati rataye a wuya, Abdulhamid, shi ke tsara mutane. Yana ganin Na'Allah ya rusuna.

"Baba, sannu da zuwa. Kujerun manyan baƙi suna can cikin rumfa."

Daɗi ya kama Na'Allah har kunne. Ya waiga ko Uba, wanda ya biyo su a babur don kallo, ya ji da kunnensa.

"Yaro, idonka na da kyau. Amma ni ba baƙo ba na. Ni ad da gida. Ruwa ya ci nawa, anka ce a zo a amshi wani."

Abdulhamid ya dube shi daga hula har takalmi, ya sosa ƙeya. Ya ce dattijo dai suke nema wanda zai karɓi makulli a gaban masu ɗaukar hoto, wanda ya karɓa kuwa ɗakin farko nasa ne. Fuskar Baba ta dace, furfurar ma ta dace.

"Sai dai rigar, Baba. In aka nuna ka haka a talabijin, cewa za a yi mun raba wa masu hali. Mi ke ciki?"

"Mi ac ciki? Mutum na ciki!" in ji Na'Allah. "Gaban manya ba a zuwa da tsumma. Haka ubana yak koya man. Ko Sarkin Fawa za ni gaisuwa, da wagga riga nika zuwa."

"Na sani, Baba. Ni ma umarni aka ba ni. In ba za ka iya ba, ga wani tsoho can."

Na'Allah ya dubi tsohon, ya ga har ya fara matsowa yana jan ƙafa. Ya dubi Dijatu. Ta tsuguna a inuwar mota, tari ya turnuƙe ta, tana toshe baki da gefen mayafi don kada manya su ji. Da ya lafa ta ɗago.

"Malam, mu tahi. Kak ka tuɓe."

Ya dubi rigarsa. Bajimi ya taɓa ɗaga shi sama ya maka da ƙasa, ya tashi yana dariya. Yau kuwa babu dariya. Ya cire hula, ya zare rigar ta ka, ya ninke ta yadda ake ninke ta, ya ɗora mata a cinya. Abin da ya rage singileti ce da ta sha jini da wanki har ta koma ruwan ƙasa, ta yage a haƙarƙari, daidai tabon ƙaho. Uba, wanda bakinsa bai taɓa rasa abin faɗi ba, ya juya yana duba tayar babur ɗinsa.

"Yawwa, Baba," in ji Abdulhamid. "Haka ya yi."

*

Jiniya ta kawo manya rana na tsaka. Aka yi addu'a, aka yi jawabi, wani mai rawani ya faɗi abin da aikin ya ci, kuɗin da ko shanun kasuwar kara duka aka sayar ba za su kamo ƙafarsu ba. Aka yi kabbara. Aka yanke ƙyalle. Aka miƙa wa Na'Allah makulli, masu hoto suka ce ya ɗaga shi sama, ya sake ɗagawa, ya ɗan sunkuyar da kai.

Ɗaki kam ɗaki ne. Fenti sabo, fanka na juyawa, katifa cikin ledarta, gidan sauro fari fat. Dijatu ta zauna a bakin katifar, ta danna ta da tafin hannu, ta ga ta taso. Ta sake dannawa. Na'Allah ya ga murmushin da rabonsa da shi tun kafin damina.

"Na hwaɗi miki ko ban hwaɗi ba? Wanda yab bi Na'Allah ba shi kwana waje."

Manya suka tafi cin abinci. Shi kuma ya zaga baya don ya kama ruwa kafin azahar. Nan ya tsaya da buta a hannu. Layin gaba kaɗai ke da rufi. Duk sauran bulo ne tsirara, babu kwano, babu ƙofa, ciyawa ta kai gwiwa a cikin ɗakunan, awaki na kiwo a inda aka ce asibiti ne.

Kafin ya dawo, wata motar ɗaukar kaya ta ja baya har bakin ɗakin. Masu ita suna kwance fanka. Ɗayansu ya ce wa Dijatu, "Inna, ɗan tashi." Katifun na haya ne, daga shago aka ɗauko su da safe, mai shago na jira. Janareta ma aka kashe aka ɗora.

Abdulhamid ya zo ya miƙa hannu, idonsa a ƙasa.

"Makullin, Baba. Ɗan kwangila bai miƙa ginin ba tukuna. Da an kammala za a kira ku."

"Ɗana, na tuɓe maka riga gaban Sakkwato."

"Wallahi, Baba, ba ni ba ne."

Ya ba shi. Me zai yi da makulli, an riga an sa wa babbar ƙofa kwaɗo?

*

Ya yi zarya. Ma'aikata ta ce aikin kwamiti ne. Kwamiti aka ce an rushe shi, tunda ya gama aikinsa cikin nasara. Maigadin ɗan kwangila ya ce maigidansa ma jira yake a biya shi. Wani akawu ya ce an biya tuni. Abdulhamid kuwa an yi masa canjin wurin aiki. Kowa da ladabi yake kiransa Baba, kowa ya nuna masa wata ƙofar.

Yara suka dawo makaranta. Uba ya ba su tsohuwar rumfarsa ta bayan kwata, suka kewaye ta da zana.

A lokacin ne hotonsa ya cika gari. Kowace mahaɗa ka je, ga Na'Allah a kan ƙaton allo, tsawonsa ya fi na raƙumi, da singileti da makulli. Mutane suka dinga tare shi a hanya.

"Na'Allah, barka da sabon gida!"

"Barka kadai," yake cewa.

Wata rana da la'asar wata 'yar jarida daga gidan rediyo, Zainaba, ta bi sawunsa har bayan kwata. Ta ce ta je ginin ta ga kwaɗo. Ta ce in mutumin da ke cikin hoton ya faɗa da bakinsa cewa waje yake kwana, dole wani ya fito ya yi bayanin inda kuɗin suka shiga. Ta kara masa na'ura a baki.

"Baba, ya halin da kuke ciki?"

Mahauta sun bar feɗe akuya sun kewaye su. Yaran da ya koya wa riƙon wuƙa, duk sun zama magidanta, sun zuba masa ido. Maganar ta taso masa tun daga ciki. Amma bakin da tun da aka haife shi bai taɓa amsa wannan tambaya da kuka ba, shi ya riga shi.

"Alhamdulillahi. Sai godiya."

"Baba, ɗakin fa? An ba ka?"

"Ɗiyata, ni na Na'Allah. Hwari bai kashe ni ba, ruwa bai kashe ni ba. Na tuɓe sau guda, ba ni ƙarawa."

Ta jira. Daga bayan zana tarin Dijatu ya taso, ya daɗe bai tsaya ba. Zainaba ta kashe na'urarta, ta yi sallama.

*

Ruwan ƙarshen damina ya zo da iska, ya kwashe rabin rufin rumfar. Da safe sai ga Uba da wani abu naɗe a bayan babur. Iska ce ta yago shi daga allon mahaɗa, leda ce mai kauri, ruwa ba ya ratsa ta.

"Ga rabonka na gwamnati," in ji Uba. "Amshi, ba a sa hannu."

Suka hau suka shimfiɗa, suka danne da duwatsu da tsohuwar taya. Na'Allah ya sauko yana haki, ya kakkaɓe hannu.

"Uba, du Sakkwato, daga masu sarauta har attajirai, wa kas sani da yar ruhe ɗaki da huskatai? Sai ni!"

Uba ya yi dariya, ba ta yi nisa ba.

Ya shiga ya tarar da Dijatu kwance a tabarma, idonta a sama. Ashe hoton ta ciki suka juyo shi. Ga shi nan a kanta, ƙato, kai a sunkuye, singileti a yage, hasken rana na ratsa makullin.

Ta daɗe tana kallo.

"Malam," ta ce a hankali, "in ka huta, ka juya shi."

Hadari na sake haɗuwa daga gabas. Na'Allah ya fita, ya jingina tsani, ya fara sauke duwatsun ɗaya bayan ɗaya.