Jerin da Ba Ya Goguwa

Tun da ya ajiye aikin koyarwa, Baba ya sa kansa makaranta a hannun babbar 'yarsa, wadda yake kira Injiniya. Aikinta rubuta manhajar kwamfuta ne. Kowace Asabar da hantsi takan zo gida, su zauna a teburin falo kusa da taga, ta koya masa layi biyu ko uku, shi kuma ya kwafe su a littafi da jan biro kafin ya taɓa madannai.

Abu na farko da ya haɗa da kansa ƙaramar manhaja ce mai tuna wa mutanen gida shan magani. Ƙarfe bakwai na safe sai saƙo ya shiga waya uku: tasa, da ta yayarsa da yara ke kira Goggo, da ta matarsa. A cikin jerin bai rubuta sunan matar ba. "Hedimasta" ya sa, don ya ce shi a makaranta kaɗai ya riƙe muƙamin, a gida kuwa ita ce.

Wata biyu ke nan da rasuwar Hedimasta. Wayarta ta koma hannun Auta, ƙaramar 'yarsu mai karatun jinya. Ita kuwa manhaja ba ta san an yi rashi ba. Kullum bakwai na safe sai wayar ta yi ƙara: "Ranki ya daɗe, lokacin magani ya yi." Auta ba ta taɓa gaya wa Baba ba. Sai ranar Alhamis ya tarar da ita a kicin, ruwan shayi yana tafasa har yana zuba, ita tana riƙe da wayar tana share hawaye da bayan hannu.

Da Injiniya ta shigo ranar Asabar ta same shi ya ƙura wa allo ido, tabarau ya zamo kan hanci.

"Baba, ka fara aji ba malama?"

"Zo ki ga rashin kunyar na'urarki. Sau huɗu ina ba ta umarni ta cire suna ɗaya, sau huɗu tana mayar mini da jan rubutu."

Ta ja kujera, ta karanta. Ta ga sunan Hedimasta ne yake son cirewa.

"Ba rashin kunya ba ne," ta ce a hankali. "Dubi alamomin nan masu kama da baka da ka zagaye sunayen da su. Masu lanƙwasa ne. Ka tuna jeri iri biyu ne? Mai baka mai kusurwa ana ƙara masa, ana rage masa. Wannan kuwa na karantawa ne kawai. Da zarar an kafa shi, ba ya karɓar gyara."

"Na tuna. Kin ce na abin da ba ya canjawa ne, kamar ranakun mako." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Shi ya sa na zaɓe shi. Na ce ai mutanen gidan nan ba sa canjawa."

Daga ɗaki Goggo ta ɗaga murya. "Ku cire nawa ma! Ni na fi agogo sanin lokacin maganina."

"Ke ce ma za a riƙa aika wa sau biyu, Yaya," in ji Baba. "Jiya a ƙarƙashin matashi na tsinci ƙwayarki."

Injiniya ta yi dariya, sannan ta nuna masa layi na huɗu. "Mafi sauƙi, ka zo nan da hannunka ka goge sunan, shi ke nan."

"Na gwada. Na kai yatsa kan madannin, ya ƙi dannuwa." Bai dube ta ba. "Shi ya sa na so na'ura ta yi mini."

Ba ta matsa masa ba. Ta jawo littafinsa ta zana akwati biyu.

"To akwai wata hanya. Ba za mu taɓa tsohon jerin ba. Za mu bi shi suna bayan suna, wanda ya cika sharaɗi mu kwafe shi cikin sabon jeri. Sabon ne zai riƙa aika saƙo. Tacewa ke nan."

Baba ya gyara zama. "Tsohon fa?"

"Yana nan yadda ka rubuta shi."

"A'a, wannan ai rajistar aji ce! Shekara talatin ban taɓa yarda malami ya kankare sunan ɗalibi ba. Sabon zango, sabon shafi. Tsohon shafi a bar shi."

"To ka ga kai ka riga ni sani, kana wahalar da ni."

Ta fara rubuta sharaɗin: a ɗauki kowa ban da Hedimasta. Ya dafa mata hannu.

"Ban son wannan 'ban da'. Kamar an kore ta daga aji."

Ya jawo kwamfutar gabansa. Da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi, ya buɗe wani ƙaramin jeri, ya kira shi "sun gama shan magani", ya sa sunanta a ciki. Sannan ya rubuta cewa saƙo ya tafi ga duk wanda ba ya cikin wannan. Ya manta rufe baka ɗaya, Injiniya ta nuna masa da farce, ya rufe. Ya danna. Babu jan rubutu. Suna biyu suka fito a ƙasan allo.

Washegari ya riga kowa shiga kicin, ya ɗora ruwa. Auta ta shigo ta ajiye wayar Hedimasta a kan tebur, ta kifa ta, kamar yadda ta saba yi kwanan nan. Bakwai ta buga. Wayar aljihunsa ta yi ƙara. Daga ɗaki wayar Goggo ma ta yi, tare da mitarta. Ta kan tebur ba ta motsa ba.

Auta ta jira. Ta juya wayar, ta duba, ta ɗago ta dube shi.

"Baba, ka goge ta?"

"Wa ya isa ya goge Hedimasta? Tana layi na huɗu, tsakanina da Goggonki. In kin sha shayi ki zo in nuna miki."