Kwanon Gwaggo Khiyar Ba Ya Cikin Jadawali

Sau huɗu ina zana hanyar nan, sau huɗun Baffa Mahad yana ɓata min ita da ɗan yatsa guda. Zai shigo ofishina a Salala, ya sunkuya kan taswirar da na shimfiɗa, ya dangwala yatsa a inda ni ban ga komai ba sai duwatsu.

"Nan za mu tsaya."

"Baffa, me ke nan wurin?"

"Gidan Suhail ɗan Bakhit. An yi masa aikin ido."

"Allah ya ba shi lafiya. Amma baƙin nan ba dubiya suka zo yi ba."

"Wa ya ce su duba shi? Su zauna a mota abinsu, ni zan shiga."

Baffa Mahad ƙanin mahaifina ne, kuma shekara talatin ke nan yana tuƙi a kan duwatsun yamma. Kamfanin yawon buɗe idon da muke taƙama da shi bai wuce ni da Baffa da motoci biyu ba. Sai ga wani babban otal na bakin teku ya ce zai riƙa ba mu manyan baƙinsa, irin waɗanda ko ruwan sha sai an tambaye su daga wace ƙasa suke so. Tafiyar kwana uku ce, daga Salala a bi ta Mugsail, a haye dutsen Jabal Kamar, a gangara Rakhyut, a kwana a tantuna masu gado da mai dafa abinci a kan gaɓar dutse. Sharaɗinsu ɗaya: komai da mintinsa, kuma za su turo mutuminsu a yi gwajin ranar farko. In direba ya kasa riƙe lokaci, suna da samari a jere masu jiran kujerar. Ni kuwa ina son aikin, ina kuma son Baffa a bayan sitiyari, don ba wanda ya san lanƙwasar hanyar nan kamarsa, kuma in aka sauke shi daga mota ban san abin da zai rage masa ba.

Matsalar ita ce ɗan dutse ba ya wuce ƙofar ɗan'uwansa. Dole ya tsaya, a tambaye shi ko akwai labari, ya ce babu sai alheri, a sha nono, a sha gahawa, sannan fa a fara ainihin labarin. Baffa kuwa rabin dutsen danginsa ne, ɗaya rabin surukansa. Da na ƙirga wuraren da yatsansa ya taɓa, tara na samu a rana guda.

Na yi dabara, na ce mu je ranar Juma'a mu gaishe su duka, kafin gwajin Talata. Muka je kuwa. Na sha nono har na ji cikina yana ƙugi. A hanyar dawowa na ce, "To alhamdulillahi, an gama da wannan."

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "An gama da me? Don na gaishe su Juma'a sai in wuce su Talata? A ina aka taɓa yin haka?"

Wallahi ranar saura kaɗan in yi kuka don haushi. Na koma kan taswira na yi ta kewaye. Na bi ta bayan wannan ƙauye, na saki waccan hanyar na kama ta tsakuwa, na ƙara kilomita ashirin don kawai kada mu ga rufin gidan Suhail. Takwas suka fita. Saura ɗaya, kuma ita ba ta kewayuwa, domin gidan Gwaggo Khiyar yana bakin titi ne bayan an gama hawan lanƙwasa, dama dutse, hagu rami har teku. Gwaggo yayar Baffa ce, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Har yau in ta kira sunansa sai ya gyara zaman rawaninsa.

Na aika mata saƙo ta wayar maƙwabcinta cewa Talata za mu wuce da baƙo, ba za mu samu tsayawa ba, ta yi haƙuri. Amsa ta dawo da yamma: ta ce irin wannan magana ba a waya ake yin ta ba, in na zo Talatar sai in faɗa mata.

Na zaunar da Baffa. "Rana ɗaya tak nake roƙo. Ka wuce, in mun samu aikin ni da kaina zan je in durƙusa mata. In ka tsaya, kujerarka ta tafi. Ka ji ni?"

Ya daɗe yana murza gemu. "To," ya ce. Ban ji daɗin wannan "to" ɗin ba, amma shi na samu.

Safiyar Talata na buɗe motar da na kai aka wanke, aka turara ta da lubban, sai wani wari ya mare ni. Na zagaya baya, ga buhun busasshen kifi an jingina shi da akwatin ruwan sanyi.

"Baffa! Mene ne wannan?"

"Abincin shanun Yaya Khiyar ne. Ciyawa ta kusa bushewa."

"A motar da baƙi za su shiga? Kuma yaushe za ka ba ta, tunda ba tsayawa za mu yi ba?"

"Sai in rage gudu ki tura shi ƙasa."

Na ja buhun nan da hannuna na jefa shi cikin ofis, na zazzage rabin kwalbar turarena a bayan motar. Ina cikin haka mutumin otal ya iso. Ustaz Lu'ai sunansa, ɗan Maskat, farar rigarsa ko alamar ninki babu, agogo a hannu, ga wani allon waya da yake rubutu a kai. Ya shaƙi iska ya ce turarenmu na kudu yana da ƙarfi. Na ce haka muke son sa.

Baffa ya yi tuƙin da ban taɓa ganin ya yi ba. Takwas da arba'in muna Mugsail, ruwan teku yana tsartuwa ta ramukan dutse, Ustaz ya duba agogo ya gyaɗa kai. A shingen sojoji, inda Baffa ya saba sauka ya tambayi kowane soja lafiyar uwarsa, hannu kawai ya ɗaga. Raƙuma suka tare hanya, ya leƙa ta taga ya yi musu wata tsawa, suka dare. Ya hau lanƙwasar nan ɗaya bayan ɗaya, ko ruwan kofin Ustaz bai girgiza ba. Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, dutse kore shar, teku can ƙasa. Na fara jin zuciyata tana kwanciya.

Sai muka sha kwanar ƙarshe, na hango ta. Ai na san za a yi haka, tun daga shingen sojoji labarin motarmu ya riga mu hawa. Gwaggo Khiyar tana tsaye a bakin kwalta, bayan rigarta yana jan ƙasa, ta tallafo kwanon nonon taguwa, wato macen raƙumi, da hannu biyu, kumfa ta yi tozo a kansa. Mace ba ta tatsar taguwa a wurinmu, ke nan sai da ta aika aka kira wani namiji ya tatso mata a lokacin da ba na tatsa ba.

Na ji motar ta rage gudu. Na yi gyaran murya. Baffa bai dube ni ba, bai dube ta ba, ya kafa ido a kan titi ya taka mai. Ta madubin gefe na ga ta miƙo kwanon, ta tsaya a haka, sannan a hankali ta sauke shi.

Goma da arba'in da biyar daidai muka tsaya a Sha'at, gaɓar dutsen da ke kallon teku. Ustaz Lu'ai ya fito yana murna, ya leƙa ramin, ya ɗauki hoto, ya ce a duk gwajin da ya yi bai taɓa ganin direba irin wannan ba. Na zuba gahawa na miƙa wa Baffa. Ya girgiza kai, ya koma gefe ya tsuguna yana kallon takalminsa. Ni da na samu abin da nake so, sai na ajiye kofina ban sha ba.

"Malama Tuful," in ji Ustaz, "tsohuwar nan mai kwano, ke kika shirya ta?"

"A'a."

"To a shirya ta. Abin ya yi kyau ƙwarai. Ki sa ta a jadawali, goma da ashirin, minti uku, a sauke gilashi a ɗauki hoto. Amma kada baƙi su sha, ba mu san tsabtar abin ba. Otal zai ba ta sabon kwano, wancan ya lotsa. Za ta yarda ta riƙa tsayawa duk Talata?"

Kwanon da ya ce ya lotsa, da shi aka shayar da mahaifina. Baffa ya miƙe, ya zo ya ajiye makullin a kan murfin mota, a hankali. Ya gyara rawaninsa ya kama hanyar da muka fito, a ƙafa, mutum mai shekara sittin da ciwon gwiwa, kilomita goma sha biyar zuwa gidan Gwaggo.

Raina ya ɓaci har ban san da wa zan fara ba. Ina jin haushin Ustaz da bakinsa, ina jin haushin Gwaggo da ta ƙi karɓar saƙo kamar kowa, ina jin haushin Baffa da ya ce "to" maimakon ya yi min gardama yadda ya saba. Wadda ta yi gyaran murya kuwa, wato ni kaina, ita na fi jin haushi.

"Baffa! Dawo ka ja motar nan. Ka juya ta."

"Juyawa ina?" in ji Ustaz. "Sha biyu da rabi ya kamata mu ci abinci a Rakhyut. Kuma jirgina ƙarfe shida ne."

"Ustaz, ko ka shiga, ko ka jira mu a nan. Wurin yana da kyau, kai da bakinka ka faɗa."

Ya dubi ramin, ya dubi titin da ko akuya babu, ya shiga.

Mun sami Gwaggo zaune a kan tabarma a ƙofar gida, kwanon yana gefenta, kumfar ta kwanta. Muka yi sallama, ta amsa. Na durƙusa na sumbaci kanta, ta bar ni na yi.

"Akwai labari?"

"Babu, Gwaggo, sai alheri."

"Madalla." Ta juya ga Ustaz da fara'a, ta sa aka shimfiɗa masa darduma, aka kawo dabino da gahawa, ta tambaye shi mutanen Maskat ɗaya bayan ɗaya kamar ta san su. Baffa yana tsaye a rana, ko inda yake ba ta kalla ba. Can ta ce da ni, "Tuful, wannan direban naku ɗan wane gari ne? Ɗazu na ga wucewarsa, na ce kai, wannan ya yi kama da wani yaro da na taɓa goyawa. Amma wancan yana da ido."

"Gwaggo, laifina ne. Ni na hana shi tsayawa."

"Ke kika riƙe masa ƙafa?"

"A'a."

"To rufe min baki, taki tana zuwa."

Ustaz ya duba agogo ya ce a gaya wa Hajiya mun gode, za mu kama hanya. Gwaggo ta ce wace hanya? Baƙo bai taɓa shiga gidanta ya fita bai sha nono mai kumfa ba, wannan kuma ya kwanta, sai an jira taguwa ta dawo kiwo da la'asar. Kafin nan an riga an kama ɗan akuya, ana ɗora duwatsu a wuta za a gasa nama a kansu.

Ya jawo ni gefe, murya ƙasa-ƙasa. "Malama Tuful, kin san ba zan iya sa hannu a kan wannan ba. Otal zai nemi wasu."

"Na sani, Ustaz."

Ya kashe allon wayarsa ya tura shi ƙarƙashin darduma. Ya ci naman kuwa, har da ƙari. Ni ban iya ci ba, ina ta tuna wata biyun da na kashe a kan taswirar nan, da tantunan da na riga na je na gani. Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba. Baffa yana can gindin bango inda ya koma ya rakuɓe, ba wanda ya ce masa ci kanka.

Da la'asar taguwar ta dawo da ɗanta a baya. Gwaggo ta juye tsohon nonon a wani mazubi, ta ɗauraye kwanon, ta riƙe shi a cinya kamar mai tunanin wanda za ta aika. Maƙwabcinta da ya tatso mata da safe har ya fara miƙewa. Ta ɗaga masa hannu.

"Kai direba. Ka iya tatsa, ko ita ma an hana ka?"

Baffa ya tashi da saurin da ban san gwiwarsa tana da shi ba. Ya naɗe hannun riga, ya tsaya da ƙafa ɗaya ya ɗora kwanon a cinya, yana yi wa taguwar magana a hankali. Da ya dawo, kumfa har tana zuba ta gefe. Gwaggo ta ba Ustaz ya sha, ta ba ni, sannan ta miƙa wa Baffa da hannu biyu, yadda ta miƙa da safe. Ya karɓa ya kafa kai, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, kumfa ta yi masa fari a gashin baki, idanunsa sun yi ja.

"Mahad," ta ce. Ya gyara rawani.

"Na'am, Yaya."

"Ina kifin shanuna?"

Baffa ya sauke kwanon. Ya juyo a hankali ya nuna ni da haɓa.