Gonar da Ban Karɓa Ba

Tun da aka yi sadakar arba'in ɗin Baba na kasa zama wuri ɗaya. In ɗora tukunya, in tashi in bar ta ban hura wuta ba. Hadari ya fara haɗowa, kowa a Yammedi yana sharar gona, ni kuwa ban san ko gonar bakin rafi tawa ce ko ta gado ba.

Baba ya ba ni ita shekara huɗu da suka wuce, lokacin da mijina ya rasu na dawo gida da 'ya'ya uku. Da bakinsa ya faɗa, a gaban amininsa Liti. Mu biyu kaɗai Baba ya bari, ni da ƙanena Zulkifilu, mai sayar da taki a Kano, wanda ke leƙo mu sallah sallah. Shi ya ce bai taɓa jin zancen ba. Ba zan kira shi mugu ba, kunnensa ne dai ba ya ɗaukar abin da bai yi masa daɗi ba.

Malam Abdulmumini na Karaye, wanda zai raba mana gadon, ya ce in kawo shaidata ranar Asabar. Ga shi Liti ya koma wurin ɗansa a Rogo Ruma. Na hau babur, na sauka, na hau wani, raina duk a jagule. Na sami Liti a ƙofar gida yana ɓarar gyaɗar iri. Bayan mun gaisa ya sake yi min ta'aziyya, na faɗa masa abin da ya kawo ni.

"Zan je in faɗi abin da na ji," in ji shi. "Amma Sabuwa, malam zai tambayi wanda ke noma ta. Kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa yana raye. Ki ce ke ce. Ni ba zan ƙaryata ki ba."

Kwana uku ina juya maganar nan. Gonar ce hatsin 'ya'yana, ita ce lambun rani. Na gwada faɗin ƙaryar ni kaɗai a bakin murhu, ta fito sumul, abin ya ba ni tsoro.

Ranar Asabar muka zauna a zauren malam. Liti ya ba da shaidarsa tsaf, har da ranar da aka yi maganar. Zulkifilu sai gyara hula yake yi. Malam ya juyo gare ni.

"Malama Sabuwa, a daminar bara wa ya shuka gonar?"

Liti ya sunkuyar da kai.

"Allah gafarta malam, Baba ne. Shi ya shuka, shi ya cire gyaɗa, a rumbunsa aka zuba dawa. Duk shekarun nan haka aka yi."

Malam ya ce kyautar ba ta cika ba, gonar ta shiga gado: kashi biyu na namiji, ɗaya nawa, sai dai in ɗan'uwana ya ga dama ya bar min. Zulkifilu bai ga dama ba.

A waje, ina gyara mayafi, Zulkifilu ya matso kusa da ni. Har da tausasa murya, abin da ya fi ƙona min rai.

"Yaya, ke ma da sakaci. Shekara huɗu a ba ki abu ki kasa karɓa?"

Na dube shi sosai. Na ce, "Tsohon da bai iya komai ba sai noma. Da na karɓe ta, ina kake so ya dinga zuwa da safe?"