Lallen da Ya Ɓoye Ciwon Hajaratu

Ranar Talata ce, cikin zafin watan Mayu, irin zafin da ke sa karnukan unguwar Alsawra su kwanta ƙarƙashin motoci ba haushi. Muntari ya dawo da rakshansa, babur mai ƙafa uku da yake haya da shi, da azahar don ya ci abinci, ya tarar da mahaifiyarsa Hajaratu kwance a gadon igiya tana rawar sanyi. Ɗakin kuma yana wani wari da turaren wuta ya kasa dannewa.

"Yumma, me ke wari haka?"

"Hancinka ne. Je ka ci kisra."

Bai ci ba. Shekara takwas tana fama da ciwon sukari, bai taɓa ganin ta kwanta da rana ba. Ya fita da gudu ba takalmi, ya buga ƙofar Mawahib, nas ɗin da ke gida na uku da nasu.

Mawahib ta zo da ƴar jakarta. Ta taɓa goshin tsohuwar, ta soki yatsan hannunta ta ɗiga jini a na'ura. Lambar sukarin da ta fito ta hau ƙwarai.

"Hala Hajaratu, miƙo ƙafa," in ji Mawahib, da sunan girmamawar da ake kiran tsarar uwa.

Ƙafafun baƙi ƙirin suke da lalle tun daga tafi har yatsu, yadda matan aure ke yi. Mako biyu ke nan da aka sa mata shi don sunan jikarta. Kullum Muntari yana ganin ƙafafun nan, har tsokanarta ya yi cewa ta fi mai jego kwalliya.

Mawahib ta ɗauki tsinken ashana ta taɓa babban yatsan hagu. "Kin ji?"

"Na ji me?"

Ta ɗora yatsu biyu a bayan ƙafar tana neman bugun jini, ta daɗe tana nema. Sannan ta juya tafin. Akwai rami kamar bakin kwalba, an cusa masa wani gari baƙi.

"Garwashi na taka wajen turara jiki da hayaƙi, ranar sa lallen nan," in ji Hajaratu. "Ban ma ji zafi ba. Na zuba garin bunnu, kamar yadda uwata ke yi."

"Bunnu na dafa gahawa a jabana ne, Hala, ba na ciwo ba. Rashin jin zafin nan shi ne cutar." Ta waiwayi Muntari. "Dubi yatsan dama. Lalle ne, akwai ja a cikinsa, da ɗumi. Yanzu taɓa na hagu."

Ya taɓa. Sanyi kamar dutse. Wannan baƙin ba na lalle ba ne.

Ta wanke ramin da ruwan gishirin asibiti har ya fita tas, ta rufe da tsaftataccen bandeji. Ta ciro biro ta zana layi a inda kumburin ya tsaya, sama da idon sawu kaɗan.

"In ya haye layin nan, maganar yankewa daga gwiwa za a yi. Kada ta taka ƙafar, kada a jiƙa ta, kada a ba ta shayi da sukari. Ɗauko allurar insulin ɗinta, asibiti za mu yanzu."

"Ba ni zuwa," in ji Hajaratu. "Salih mai gawayi da ƙafa biyu ya shiga, da ɗaya ya fito."

"Salih wata guda ya zauna a gida yana shafa zuma. Ke mako biyu ne. Ki bar ni in yi ciniki da likita tun da sauran abin ciniki."

Muntari bai taɓa saɓa wa uwarsa ba. Ya tsaya yana kallon layin biron, sai ya ga kamar kumburin yana matso shi. Ya sunkuya ya ɗauke ta cak.

"Sauke ni, ɗan banza, maƙwabta na kallo."

"Su kalla, Yumma. Ki zage ni a hanya."

Ta zage shi kuwa, tun daga Alsawra har ƙofar asibiti, Mawahib na riƙe da ƙafar a cinyarta, shi kuma yana tuƙa rakshan.

Da la'asar aka shiga da ita tiyata. Ƙafar ta tsira. Abin da aka rasa: babban yatsa da na kusa da shi, da tsokar tafi misalin faɗin cokali, da kwana ashirin da uku a gadon asibiti.